Murfin Ganɗa: Daga Soson Paré Zuwa Asibitin Noma na Sakkwato

Ganɗa ita ce katangar da ta raba baki da hanci. Idan ta huje, ruwan da mutum ya sha sai ya ɓullo masa ta hanci, tuwo ya maƙale inda bai kamata ba, magana ta koma ƙugi-ƙugi har mahaifiya ta kasa gane abin da ɗanta ke faɗi. A ƙauyukan gabashin Sakkwato, su Gandi da sauran ƙasar Rabah da Wurno da Goronyo, ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo wannan rauni shi ne cutar noma, wadda mutane da yawa ke kira ciwon iska. Tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da tamowa ko ƙyanda ta raunana, ta fara da gyambo a dasashi, cikin 'yan kwanaki ta ci kumatu, wani lokaci ta haɗa har da muƙamuƙin sama da ganɗa. Akwai kuma waɗanda likita ya yanke musu ƙashin saboda ƙari.

Dabarar toshe wannan rami ta daɗe. A ƙarni na 16, lokacin da harsashi da tunjere ke huda ganɗar mutanen Turai, likitan Faransa Ambroise Paré ya yi amfani da faifan zinariya ko azurfa mai ɗauke da guntun soso. Soson zai shige ramin, ya jiƙe, ya kumbura, ya riƙe faifan. Sai dai soson da ya kwana cikin majina da ragowar abinci wari yake yi. Daga baya likitan haƙori Pierre Fauchard, a littafinsa na 1728, ya kawo murfi mai fikafikai da ake buɗewa da ɗan makulli bayan an zura shi. Da aka samu ƙwarewa a sarrafa roba a ƙarni na 19 sai aiki ya yi sauƙi: a 1893 an yi wa shugaban Amurka Grover Cleveland tiyata a asirce cikin jirgin ruwa, aka cire wani sashe na muƙamuƙinsa na sama, aka sa masa murfin roba, ya ci gaba da jawabi a bainar jama'a. Masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud kuwa, daga 1923 har mutuwarsa a 1939, cikin wahalar nasa murfin ya rayu.

Matsalar da ta rage ita ce nauyi. Haƙoran roba na sama suna manne ne da ganɗa, to ina ga wanda ba shi da ita? Idan rami babba ne, dunƙulen da zai cike shi ma babba ne, kuma duk nauyinsa ƙasa yake ja. Murfin ya riƙa faɗowa, 'yan haƙoran da aka saƙala masa ƙugiya su fara girgiɗi, daga baya su zube. Bayan akirilik ya shigo aikin haƙori wajen 1937, masu haɗa haƙora suka gane cewa a rarake cikin dunƙulen, kamar yadda ake rarake duma a mai da shi gora.

Yadda ake yin sa ya cancanci a tsaya a kai, domin kayan aikin ba na a-zo-a-gani ba ne. A ɗauki awon bakin, a zuba samfuri, a shimfiɗa kwaɓin akirilik a bangon ramin, a cika tsakiyar da gishiri ko sukari, a rufe da wani kwaɓin, a dafa cikin ruwan zafi. Idan ya daskare sai a huda ƙananan ƙofofi, a wanke gishirin ya narke ya fice, a liƙe ƙofofin. Masu bincike Chalian da Barnett sun bayyana hanyar yin sa guda ɗaya ba haɗi a 1972, wani bincike na Wu da Schaaf a 1989 kuma ya nuna rarakewa na iya rage nauyin har kusan kashi ɗaya bisa uku idan ramin babba ne. Wurin liƙe ƙofofin nan ne ake gane gwani: in ya yoyo, ruwa ya taru a ciki, warin zamanin Paré ya dawo.

A Sakkwato, likitocin ƙasashen waje sun fara zuwa yi wa yaran noma tiyata a shekarun 1990, aka buɗe asibitin noma na yara a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo da tallafinta a 2014. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. Tiyata ce ke dawo da kumatu da leɓe. Amma ba kowane ramin ganɗa ke rufuwa da nama ba, kuma a ganina nan ne ya kamata a ba masu haɗa haƙora muhimmancin da ake ba likitocin tiyata. Bakin yaro girma yake yi, murfin bana ba zai shige shi bayan shekara biyu ba. Ga uban da ke Gandi, kowane gyara kuɗin mota ne zuwa birni, da barin gona, da hanyar da rashin tsaro ya sa ake shakkar bi. Horar da mai wannan sana'a a asibitocin Rabah ko Wurno zai rage masa yawancin wannan zirga-zirga.