Bara da Saiti: Tarihin Auna Bindiga a Ƙasar Hausa

Duk mai nazarin kalmomin bindiga a Hausa zai lura cewa akasarinsu baƙi ne. Ita kanta "bindiga" daga Larabci take, haka "albarushi" da "harsashi". "Saiti" kuwa Turanci ya kawo ta, alhali "bara", wato auna abin harbi, tsohuwar kalma ce tun zamanin kwari da baka. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna dalilin da ya sa maharbin Hausa ya dogara da bararsa, bai dogara da madubin saiti ba.

Littafin Tarihin Kano ya ambaci bindigogi tare da Dagaci, wanda ya zo daga Barno zamanin Sarki Dauda (1421–1438), ya kuma nuna cewa Babba Zaki (1768–1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi masu yawa, har ana ƙera masa igwa a Zindar. To amma galibin bindigogin nan masu ɗuri ta baki ne, cikin bututunsu sumul, saboda haka dalma kan kauce da zarar ta yi nisa.

A Turai da Amurka kuwa an yawaita bindiga mai zanen murɗiya a cikin bututu, wanda ke sa harsashi ya riƙa juyawa, ya tafi sak. Irinta ce ta haifar da madubin saiti, wanda aka yi amfani da shi a yaƙin basasar Amurka (1861–1865). Mai daidaita shi yakan kafa alama a tazarar mita 100, ya ɗora bindiga bisa abin da ba ya motsi, ya yi harbi uku, sa'an nan ya murɗa kusoshi biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na dama da hagu, har giciyen da ke cikin madubi ya dace da inda harsasan suka taru. Sharaɗin aikin shi ne bindiga ta riƙa jefa harsashi wuri guda. Wannan kuwa harba-ruga ba ta iyawa.

Ba ƙarancin basira ya hana Bahaushe waccan bindiga ba. Yarjejeniyar Burasels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙyastu. An ga sakamakon haka a 1903, lokacin da Kano da Sakkwato suka faɗi. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ma ta ware bindiga mai ɗuri ta baki a aji na daban, wanda izininsa ya fi sauƙin samuwa.

Don haka maharban ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma, masu shiga Dajin Rugu da rani, suka gina gwanintarsu bisa sanɗa, da sanin sawu, da lura da inda iska ke kaɗawa. Abin da madubi ke yi wa Bature, wato kusanto da nama, ƙafa ce ke yi wa Bahaushe.

Wannan tarihi bai zama tatsuniya ba. Lokacin da 'yan bindiga suka far wa Wurma a 2019, mutanen karkarar Katsina sun sake fuskantar giɓin da kakanninsu suka gani a 1903: bindigar maƙera a hannu guda, bindigar masana'anta a ɗaya hannun.