Daga 911 zuwa Howo: yadda takarda ta riske mu a gareji

1/ Jama'a, yau zaren zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri. Bara wani kamfanin titi ya zo aiki kusa da Dutse yana neman kanikawan manyan motoci. Na je da shekara 16 a ƙarƙashin mota. Tambayar farko: "Ina takardarka?" Ko sifana ban taɓa ba na juyo gida. Haushin abin ne ya sa na bi tarihin sana'ar nan tamu.

2/ Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Layin Kano zuwa Nguru da aka kammala a 1930 ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, ya bar Dutse a gefe. Gyaɗa da hatsin Dutse, Kiyawa, Birnin Kudu da Gwaram sai a bayan jaki da raƙumi, daga baya a bayan babbar mota. Mu nan mota ce jirginmu, shi ya sa bakanike ya yi daraja da wuri.

3/ Dattawa suna ba da labarin Bedford da Austin, amma wadda ta raini iyayen gidanmu ita ce Marsandi 911 mai bodin katako. Injinta na gas ne, wato dizal. Ba fulogi, ba kafireto. Fistin ya matse iska har ta yi zafi, nozul ya fesa mai, wuta ta tashi da kanta. Rudolf Diesel, Bajamushe, shi ya fito da dabarar a shekarun 1890.

4/ Yadda ake koyo a lokacin, haka ni ma na tarar. Uba ya kai ka gareji da goro, ya ce wa maigida "ga ɗanka nan". Shekarar farko wankin kayan inji da kananzir da miƙo sifana. A ce "kawo sha bakwai", ka kawo sha tara, ka sha ranƙwashi. Sannan birki, kuloci, giya. Sauke inji sai ka yi shekaru.

5/ Maigidana, Allah Ya ji ƙansa, yakan kafa dogon sukundireba a jikin inji ya kara kunne, ya ce silinda ta huɗu ce. A buɗe, ita ce kuwa. Bai taɓa riƙe takarda ba. Shaidarsa direbobi ne: a tashar Shuwarin ko kasuwar Maigatari ranar Alhamis wani ya ce "kai masa, ya iya". Shi ke nan.

6/ Wani abu da yawancinku ba ku sani ba: Najeriya ta taɓa haɗa manyan motoci da gaske. Wajajen 1979 zuwa 1980 aka buɗe Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, ANAMMCO mai haɗa Marsandi a Inugu, da NTM mai haɗa Fiat a Kano. A irin waɗannan wurare ana horo da littafi da ma'auni da jarrabawa.

7/ Sai SAP ta zo a 1986, naira ta faɗi, masana'antun suka yi ta tangaɗi. Muka koma 'yan Beljiyam: DAF, Mack, Iveco, tsofaffi daga Turai da Amurka, kayan gyara kuma a Ƙofar Ruwa. A ganina nan ne takarda da gareji suka raba hanya. Mai takarda ya nemi ofis, mai aiki ya zauna cikin baƙin mai.

8/ Ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jigawa, Dutse ta zama babban birni. Tifofi da tankoki suka cika gari. Jami'ar Tarayya a 2011, filin jirgin sama a 2014, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 mai reshe zuwa Dutse. Aikin inji ya samu. To amma manyan kamfanoni ba sa ɗaukar mutum da "an ce ya iya".

9/ Ita ma motar ta canza. Yanzu Howo ta cika hanya, Ɗangote ma yana haɗa Sinotruk a Legas. Wasu har yanzu na tsohon famfo ne, amma sababbin injina ƙwaƙwalwa ke auna musu mai, injekta na lantarki ne. Gas ɗin da aka gauraya da kananzir, 911 ta shanye ta wuce, waɗannan kuwa injektocin ne za su tafi. Kunne ba ya karanta lambar matsala, sai an jona kwamfuta. Na taɓa kwance famfo kwana biyu, ashe waya ce ta tsinke.

10/ Abin takaicin, ƙofar takardar a buɗe take tun tuni, ba wanda ya nuna mana. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin Trade Test, daga mataki na 3 zuwa na 2 zuwa na 1, wanda shi ne babba. NABTEB, da aka kafa a 1992, tana ba da NTC da ANTC. ITF tana horo tun 1971. NDE na da tsarin kai yara gareji.

11/ Wanda ya fi burge ni shi ne tsarin NSQ na NBTE: a auna abin da ka riga ka iya a bakin aiki, a ba ka mataki. An bi wannan hanyar da masu sana'ar Panteka a Kaduna.

12/ Gargaɗi ɗaya: akwai masu cewa ka kawo kuɗi da hoto su kawo maka takarda gida. Kada ka yarda. Ka je ofishin da ƙafarka a gwada ka. Kamfani zai ajiye ka gaban injin da ya ƙi tashi, a nan asiri ke tonuwa.

13/ Ni dai na yi rajistar mataki na 3, da furfurata. Yarana biyu na gareji ma na biya musu, da sharaɗin su riƙa karanta min Turancin da kwamfuta ke nunawa. Ƙaramin ya riga ya fara min dariya idan na ɗauko sukundireba zan kara kunne.