Daga tsinken tsire zuwa na'urar sakace da ruwa

Yawancinmu mun taso da asuwaki da safe, in an ci nama kuma a yi sakace da tsinken tsire ko na tsintsiya. Tsinken nan ya raunata dasashin mutane da dama.

A Amurka, wani likitan haƙori mai suna Levi Spear Parmly ya rubuta tun 1819 cewa a riƙa zura zaren alharini tsakanin haƙora. Kamfanin Johnson & Johnson ya yi wa zaren rajista a 1898. Da alharini ya yi wuya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka koma nailan.

Wata na'urar fesa ruwa kuwa ta fito a 1962 a jihar Kolorado, aikin likita Gerald Moyer da injiniya John Mattingly. Ita ce Waterpik. Siririn ruwa take harbawa a kai a kai, ya fitar da abin da ya maƙale, musamman ga masu wayar gyaran haƙori.

Mai niyyar saye a cikinmu ya nemi wadda ake caji, tunda mun san halin wutarmu, kuma wadda ake rage ƙarfinta. A fara da ƙaramin ƙarfi, kada dasashi ya yi jini. Burushi da asuwaki kuwa suna nan, ba ta ɗauke aikinsu ba.