Daga Tsibirin Timor zuwa Kogin Shari: Tarihin Neman Irin Gahawa Mai Jure Zafi

Shirin wannan mako ya taɓo gahawa, wadda wasu ke ce wa kofi. Duk wanda ya taɓa sauka a Gadarif ko Nyala ya san jabana, ya ga yadda ake soya ƙwaya a daka ta da citta. Wanda kuma ya yi kiwo a tsaunin Mambila ko ya kai kaya Fumban ya ga itacen da idonsa. Amma zancen yau ya fi kusa da makiyayi fiye da mashayi, domin zance ne na barbara, na zaɓen uba da uwa, da asarar da ake yi idan garke duka ya fito daga bijimi ɗaya.

Gahawar da duniya ta fi so, wato arabika, ita kanta 'yar ruwa-biyu ce. Tun kafin a fara rubuta tarihi wasu itatuwan daji biyu suka haɗu a gabashin Afirka: robusta mai ɗaci da ƙarfi, da wata 'yar ƙarama mai zaƙi da masana ke kira yujenoyides. Abin da suka haifa ya zauna a dazuzzukan kudu maso yammacin Habasha. Labarin nan na makiyayin awaki da ya ga dabbobinsa suna tsalle bayan sun ci 'ya'yan itacen, tatsuniya ce kawai, sai a 1671 aka fara rubuta shi. Abin da ya tabbata shi ne, a ƙarni na 15 Sufaye a Yaman suna shan ta don su raya dare da zikiri.

To daga Yaman ne matsalar ta faro. Turawan Holan sun kai 'yan tsirarun itatuwa tsibirin Jaba a ƙarshen ƙarni na 17. A 1706 suka aika da dashe zuwa Amstadam, a 1714 suka ba Sarkin Faransa kyautar ɗaya daga cikin 'ya'yansa, kuma daga wannan zuri'a aka cika gonaki da yawa a nahiyar Amurka. Faransawa su ma sun ɗauki nasu daga tashar Moka a 1715 suka kai tsibirin Burbon, wanda yau ake kira Reyuniyon. Shi ke nan fa. Kusan duk arabikar da aka noma a wajen Habasha da Yaman har tsawon shekara ɗari biyu daga waɗannan gidaje biyu ta fito. Ga shi kuma furen arabika yakan yi wa kansa barbara, ba ya jiran baƙo. Ku ƙaddara garken da ya bazu daga Agadas har Ngaundere, amma duk kakansu ɗaya.

A 1869 cuta ta zo. A tsibirin Silon, wato Sirilanka ta yau, aka fara ganin wani gari ruwan goro a bayan ganyen gahawa, kamar tsatsa a jikin kwano. Funfuna ce, iska da ruwan sama ke yaɗa ta. Ganye ya zube, itace ya rame, yabanya ta ƙi. Cikin shekara ashirin noman gahawa a Silon ya durƙushe, kamar yadda ciwon bushiya ya share garkunan kakanninmu a ƙarshen wannan ƙarnin. Masu gonaki suka tumɓuke itatuwan suka shuka shayi. Idan ka ga an rubuta Silon a kwalin ganyen shayi a shagonka, to gadon wannan annoba ne kake sayarwa.

Tsatsar ta bi Indiya da Jaba. Mafitar farko da aka samu ita ce a canja dabba gaba ɗaya: wajen 1900 aka kai robusta daga Kwango zuwa Jaba ta hanyar Beljiyam. Tana jure tsatsa, tana jure zafin kwari, tana ba da buhu da yawa. Sai dai ɗanɗanonta bai kai ba, kuma sinadarin kafeyin da ke cikinta ya kusa ninka na arabika. Shi kafeyin ɗin nan ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ne ke hana mai cin goro gyangyaɗi a bayan babbar mota. A ƙwayar arabika ya ɗan haura kashi 1 cikin 100, a robusta ya haura kashi 2.

Mai sauraro zai ce, to me zai hana a haɗa su a sami ƙarfin wannan da daɗin waccan? An yi ta gwadawa. Abin da ke hanawa shi ne abin da ke hana alfadari haihuwa. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu zarurrukan gado da masana ke ƙirgawa: arabika tana da 44, robusta 22. Idan aka haɗa su, ɗan yakan fito da 33, ya yi girma, ya yi fure, amma 'ya'ya sai ɗai-ɗai.

Sai ga shi abin da masana suka kasa, daji ya yi shi da kansa. A shekarun 1920, a wata gonar arabika a tsibirin Timor, wanda Fotugal ke mulkin gabashinsa a lokacin, aka lura da itace ɗaya tilo da tsatsa ba ta taɓa shi, alhali na kewaye da shi duk sun tsiraita. Da aka bincika daga baya sai aka gane ɗan arabika ne da robusta, amma ya fito da zarurruka 44 cif, don haka yana haihuwa, kuma ana iya mayar da shi kan arabika. Manoman Timor ne suka fara yaɗa irinsa. A shekarun 1950 aka kai shi cibiyar binciken tsatsar gahawa da ke Oyeras kusa da Lizbon, wadda aka kafa a 1955. A can aka aura shi da gajerun iri irin su Katura da Bila Sarci, aka sami dangin da ake kira Katimor da Sarcimor, aka rarraba wa ƙasashe.

Ni a ganina, babu bijimin da ya taɓa yi wa garke hidimar da wannan itace ya yi. Da tsatsa ta tsallaka teku ta shiga Barazil a 1970, jininsa aka nema. Kwalambiya ta fitar da iri mai sunan ƙasar a farkon shekarun 1980, sannan Kastiyo a 2005. Kenya ta fitar da Ruwiru 11 a 1985. Duk akwai jinin Timor a ciki. Amma ba a rasa ƙorafi ba. Masu ɗanɗana gahawa, waɗanda ke ba ta maki cikin 100 kuma makinsu ke yanke farashi, sun daɗe suna cewa suna jin ƙamshin robusta a 'ya'yan Timor na farko. Sannan cutar ma ba ta zauna wuri ɗaya ba. A 2012 da 2013 ta yi mummunar ɓarna a Amurka ta Tsakiya, kuma a 2017 aka tabbatar ta karya garkuwar Lempira, irin da manoman Honduras suka dogara da shi. An sake maimaita kuskuren farko ke nan: dogaro da uba ɗaya.

Kwaddibuwa ta bi tata hanya. A shekarun 1960 zuwa 1970 masu bincike a can suka yi amfani da magani suka ninka zarurrukan robusta zuwa 44 kafin su haɗa ta da arabika, suka kira ɗan arabusta. Ya yi daɗi, kafeyinsa bai kai na robusta ba, yana rayuwa a kwari mai zafi. Amma 'ya'yansa da yawa holoƙo ne, buhu ba ya cika, manoma suka ja baya. Kamaru kuwa ta yi sa'a da wani iri mai suna Jaba, wanda asalinsa Habasha ne. An yi kimanin shekara ashirin ana tace shi kafin a raba wa manoma daga 1980, saboda yana jure cutar da ke baƙanta 'ya'yan gahawa a tsaunukan yamma.

Batun rage kafeyin kuwa labari ne daban, kuma ya fi wuya. Akwai masu son gahawa da ba sa son faɗuwar gaba da rashin barci, kuma suna da kuɗin saya. Tun 1906 wani ɗan kasuwar Jamus a Biremen, Ludwig Roselius, ya yi rajistar hanyar wanke kafeyin daga ƙwaya da sinadari. Har yau a masana'anta ake yin wannan aiki, wankin yana tafiya da wani ɓangare na ƙamshi, kuma ribar tana zama a inda masana'antar take. Da itacen ne zai fito da ƙwaya maras kafeyin tun daga gona, da manomi ne zai ci wannan riba.

Akwai irin wannan itace. A tsibirin Reyuniyon, a farkon ƙarni na 19, aka lura da wata Burbon da ta sauya kama: gajeriya, mai ƙwaya mai tsini, kafeyinta kusan rabin na sauran arabika. Ana ce mata Burbon mai tsini ko Lorina. Rake ya ture ta, cuta ta ƙarasa, har aka daina fitar da ita a tsakiyar ƙarni na 20. A farkon shekarun 2000, da taimakon wani kamfanin Japan da masu binciken Faransa, aka bi lambunan gidaje ana neman ragowar itatuwan, aka tace, aka farfaɗo da ita. Yau tana cikin gahawa mafi tsada a duniya. Sai dai ragguwa ce, tsatsa na kama ta da wuri, kuma ba ta ba da yawa. Dama kafeyin ba don mu itacen ke yin sa ba, makami ne da yake korar wasu ƙwari da shi.

A 2004 masu bincike a Kampinas ta Barazil suka ba da sanarwar cewa, cikin itatuwa kusan 3,000 da aka shuka daga irin da aka kwaso a Habasha a shekarun 1960, sun sami guda uku da kusan babu kafeyin a cikinsu. Aka yi ta murna. Amma itatuwan ba su da yabanya, sai an aura su da masu yawan haihuwa, a jira ɗa ya yi shekara uku ko huɗu kafin ya fara 'ya'ya, a zaɓa, a sake aurarwa. A 2023, bayan kusan shekara ashirin, cibiyar tana matakin gwaji a gonaki ne. Fitar da sabon irin arabika yakan ci shekara 25 zuwa 30. Makiyayi zai ga jikokin jikokin saniyarsa kafin mai wannan aiki ya gama zagaye ɗaya. A Kamaru ma, a dajin Bakosi, an sami gahawar daji da babu kafeyin a cikinta, aka yi mata suna a 2008, amma har yanzu ba ta zama amfanin gona ba.

Yanzu kuma zafi ya shigo cikin lissafi. Arabika tana son wurin da matsakaicin zafinsa a shekara yake tsakanin digiri 18 da 22. Wani bincike na 2015 ya yi hasashen cewa kusan rabin ƙasar da ta dace da gahawa za ta iya fita daga lissafi nan da 2050. Shi ya sa masana suka koma bin tsofaffin takardu suna neman irin da aka yi watsi da su. A ƙarshen 2018 aka sake gano istenofila a dajin Saliyo, mai baƙaƙen 'ya'ya, wadda rabon a gan ta a dajin ƙasar tun 1954. Ƙwararrun masu ɗanɗano da aka ba su ba tare da sun san mece ce ba, da yawansu sun ɗauka arabika ce, alhali tana rayuwa a wurin da ya fi na arabika zafi da digiri 6 ko fiye.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce ekselsa. Wani masanin tsirrai Bafaranshe, Ogist Shabaliye, wanda ya jagoranci tafiyar binciken Shari da Tafkin Chadi daga 1902 zuwa 1904, shi ya ba da labarinta daga ƙasar Sarki Sanusi na Dar Kuti, wanda Rabe ya ɗora a kan sarauta. Har ana ce mata gahawar Shari. Doguwar bishiya ce mai zurfin saiwa, tana jure rani fiye da robusta, kafeyinta kuma bai kai nata ba. An cika gonaki da ita a ƙasar da yau ake kira Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, sai wata cutar bushewar itace da aka fara gani a 1927 ta bi ta ta kashe, aka manta da ita. Yanzu manoma a Yuganda da yankin Nzara na Sudan ta Kudu sun koma shuka ta, domin ita ce ke tsayawa a shekarar da ruwa ya yi gardama.

Daga Sudan ta Kudun dai, a tsaunin Boma, aka ɗauko wata arabikar daji a farkon shekarun 1940, ana kiranta Rume Sudan. Ita aka aura da wani jikan Timor aka sami Santiro Amerikano, wanda aka fitar a 2010 a Amurka ta Tsakiya: yana jure tsatsa, yana ba da yabanya fiye da tsofaffin iri, masu ɗanɗano kuma sun yaba. A nan akwai abin da 'yan kasuwa masu safarar iri da dashe ya kamata su riƙe. Irin wannan ɗan fari na ruwa-biyu, ƙarfinsa a kansa yake tsayawa. Idan manomi ya tsinki 'ya'yansa ya shuka, abin da zai tsiro zai rarrabu, wani ya ɗauko uwa, wani ya ɗauko kaka, wani ya fito ba juriya ba yawa. Dole sai an yanko daga jikin itacen an raina a ɗakin gwaji, shi ya sa dashensa ya fi na gargajiya tsada nesa ba kusa ba. Wanda ya kawo maka ƙwaya a leda ya ce irin wannan ne, ba za ka gane abin da ka saya ba sai bayan damina uku ko huɗu, lokacin da itacen ya fara 'ya'ya.