Guguwar Maganaɗisu da Ƙaramar Guguwa: Tarihin Wata Muhawara

A watan Disamba na 1806, Alexander von Humboldt yana birnin Berlin ya lura allurar kamfas ɗinsa tana rawa a daren da hasken nan mai launi, wanda ake kira aurora, ya bayyana a sararin arewa. Shi ya raɗa wa wannan rikicewa suna guguwar maganaɗisu. A Satumbar 1859 irinta ta hargitsa wayoyin tangaraho a Turai da Amurka, har aka ga hasken a Kuba.

Bayan ƙarni guda, Syun-Ichi Akasofu, ɗan Japan da ke aiki a Jami'ar Alaska tare da Sydney Chapman, ya bi diddigin hotunan sama da aka ɗauka a 1957 da 1958. A 1964 ya nuna cewa hasken yana da tsari. Yakan kwanta shiru kamar baka, wajen tsakar dare ya kece da haske, ya bazu zuwa arewa, sannan ya lafa, duk cikin awa ɗaya zuwa uku. Aka kira wannan ƙaramar guguwa, domin su biyun suna ganin babbar guguwa, mai ɗaukar kwanaki, taruwar ƙananan ce.

Sunan ya zauna, amma fahimtar ta gamu da suka. A 1961 James Dungey ya bayyana cewa ƙarfin iskar rana yana shiga kewayen duniya idan maganaɗisunta ya fuskanci kudu. A 1975 Burton da McPherron da Russell suka nuna ana iya lissafa ƙarfin babbar guguwa daga yanayin iskar rana kaɗai. Aka kuma tabbatar cewa ƙananan guguwoyi suna aukuwa sau da yawa ba tare da babba ta biyo baya ba. Yawancin masana a yau suna ɗaukar su ƴan uwa masu tushe ɗaya, ba uwa da ƴaƴanta ba.

Bambancin yana da amfani ga masu hasashe. Sauyin maganaɗisu na gaggawa, irin wanda ƙaramar guguwa kan haddasa, shi ke tura wutar da ba a so cikin manyan wayoyin lantarki. A ranar 13 ga Maris 1989 lardin Kebek na Kanada ya yi kusan awa tara babu wuta, mutane kimanin miliyan shida suka shiga duhu.