Yadda Aka Gano Kwezar 3C 273

3C 273 shi ne kwezar, wato abu mai haske kamar tauraro da ke can nesa ƙwarai, na farko da masana falaki suka iya auna nisansa, kuma shi ne ya fi sauran haske in an duba daga duniya. Yana sashen burujin Sumbula. Sunansa lamba ce kawai: shi ne na 273 a kundi na uku da masana jami'ar Kambirij ta Ingila suka fitar a 1959, inda suka jera wuraren da igiyar rediyo ke fitowa a sararin samaniya.

Na'urorin rediyo na wancan zamani suna jin sigina, amma ba sa iya nuna takamaiman inda take fitowa. Wata ne ya warware wannan matsala. A watan Agusta na 1962 Cyril Hazard da abokan aikinsa suka saita babban faifan rediyo na Parkes a Ostareliya, mai faɗin mita 64, suka jira wata ya gitta ta gaban wurin. Suka rubuta lokacin da siginar ta ɗauke da lokacin da ta dawo. Da yake an san matsayin gefen wata a kowace daƙiƙa, sai lissafi ya kai su ga wani ɗigon haske mai kama da tauraro, da ɗan siririn zare a gefensa.

Daga nan aiki ya koma hannun Maarten Schmidt, ɗan ƙasar Holan da ke Caltech a Amurka. Ya ɗauki hasken ɗigon da madubin Hale mai inci 200 a dutsen Palomar, ya rarraba shi launi-launi kamar bakan gizo. Kowane sinadari yana da jerin layukansa a cikin irin wannan haske, amma layukan 3C 273 ba su yi daidai da na kowane sinadari ba. Ranar 5 ga Fabrairu 1963 ya lura cewa tazarar da ke tsakaninsu irin ta haidurojin ce, sai dai duk sun gusa wajen ja da kusan kashi 16 cikin ɗari. Gusawa wajen ja alama ce ta nisanta, ke nan abin yana nisantar duniya da gudun kilomita 47,000 a daƙiƙa, kuma haskensa ya yi tafiyar shekara biliyan 2 kafin ya iso. Mujallar Nature ta buga sakamakon a watan Maris.

Wannan amsa ta haifi tambayar da ta fi ta wuya. Abin da ake gani daga irin wannan nisa dole haskensa ya ninka na rana sau tiriliyoyi. A shekarar kuma Harlan Smith da Dorrit Hoffleit suka tono tsofaffin hotunan sama da ke ajiye a Harvard, suka ga hasken yana ƙaruwa yana raguwa cikin ɗan lokaci. Abin da ke sauyawa da sauri haka ba zai zama mai faɗi ba, domin sauyin ba ya riga haske ratsa jikinsa. Wuri ƙanƙane ne, amma ya fi dukan taurarin gungun da ranarmu take ciki haske.

A 1964 Edwin Salpeter da Yakov Zeldovich, kowa da nasa binciken, suka nuna cewa iskar gas da ke faɗawa cikin baƙin rami mai tsananin nauyi za ta iya fitar da wannan ƙarfi. Donald Lynden-Bell ya faɗaɗa bayanin a 1969: gas ɗin na kewaya ramin, yana gogar juna, yana zafi har ya haskaka kafin ya ɓace. Hotunan madubin Hubble, wanda aka harba a 1990, sun fito da katafaren gungun taurarin da 3C 273 ke zaune a tsakiyarsa. Nauyin baƙin raminsa ya ninka na rana sau ɗaruruwan miliyoyi, zaren da ke gefensa kuwa feshin ɓurɓushi ne mai tsawon tafiyar haske ta shekara 200,000. Yau masana sun yarda cewa kusan kowane babban gungun taurari yana da irin wannan rami a cibiyarsa, kuma yana zama kwezar ne a lokacin da gas mai yawa ke kwarara cikinsa.