Bututun ruwa da na tururi a manyan na'urorin sanyaya gini: abin da ya kamata a sani

Manyan asibitoci, otal-otal da filayen jirgin sama ba su cika dogara da ƙananan iyakwandishan na jikin bango ba. Wani babban akwatin ƙarfe ne mai fanka da matatar ƙura ke tura iska zuwa ɗakuna. A cikinsa akwai kwayil, wato jerin siraran bututun jan ƙarfe, waɗanda iska ke ratsawa ta ɗauki sanyi ko ɗumi. Dabarar ta samo asali ne daga aikin da injiniya Willis Carrier ya yi wa wata maɗaba'a a birnin New York na Amurka a 1902.

Lafiyar wannan na'ura mai tsada ta rataya ne a kan yadda aka haɗa mata bututu.

Kwayil na ruwa

Ruwan sanyi kan shigo da kimanin digiri 7 a ma'aunin Salshiyos, ya koma da kimanin digiri 12. Ana shigar da shi ta ƙasa, a ɓangaren da iska ke fita, ya fita ta sama, domin ruwa da iska su yi tafiyar gaba da gaba. Idan aka juya haɗin, sanyin zai ragu. Akan sanya mafitar iska a can sama, magudana a ƙasa, da rariya kafin bawul don tare tsatsa. Dole a naɗe bututun da abin tare zafi, in ba haka ba raɓa za ta riƙa ɗiga, ta ɓata silin, ta jawo funfuna.

Kwayil na tururi

An fi amfani da shi a ƙasashe masu sanyi da kuma masana'antu. Tururi na shiga ta sama, ya huce ya koma ruwa, ya sauka ƙasa. Nan ake sanya tarkon tururi, wani bawul da ke sakin ruwa ya riƙe tururi, aƙalla santimita 30 ƙasa da mafita, kuma kowane kwayil da nasa. Idan ruwa ya taru, tururi kan rarumo shi ya buga wa bututu har ya fashe. Inda ake hunturu mai tsanani kuwa, ya daskare ya tsaga shi.

A duka biyun, ba a ɗora nauyin bututu a kan kwayil, sai a yi masa madogara tasa. Akan kuma sanya bawul na rufewa da mahaɗa mai kwancewa, don a iya gyara ba tare da an yanka bututu ba.

Me ya shafi jama'a?

Waɗannan kayan ba su kai tsadar na'urar ba, amma rashinsu na iya hana ɗakin tiyata aiki. Akasarinsu ido na iya gani. A Najeriya, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa ɗan ƙasa damar neman takardun kwangila daga hukumomin gwamnati, ya kwatanta abin da aka biya da abin da aka girka.